MAI JEGO TANA KUKA BA TA SAN DALILI BA: DARASI GA MAGIDANTA



Godiya ta tabbata ga Allah da ya halicce mu a cikin mahaifan iyayenmu mata. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammad (SAW) da alayensa da sahabbansa.

'Yan uwa, darasinmu na yau na magidanta ne, amma iyayenmu mata ma su karanta.

Kwanakin baya, bayan sallar isha'i, wani bawan Allah ya tsaya har jama'a suka watse. Manomin shinkafa ne daga ɗaya daga cikin ƙauyukan bakin kogi. Na nemi izininsa kafin in rubuta wannan, kuma na ɓoye duk abin da zai sa a gane shi. Ya ce: "Malam, ko dai a ba ni addu'a, ko a gaya min in rabuwa ce mafita."

Maiɗakinsa ta haihu wata biyu da suka wuce, haihuwa ta huɗu. Tun bayan suna ta canza. Ba ta cin abinci sai an matsa, ba ta barci, sai kuka. Yaro zai yi ta tsala ihu tana zaune ta zuba wa bango ido. Ya ce ya yanka rago, ya ɗinka mata atamfa, bai rage ta da komai ba duk da ruwa ya ci masa gona a daminar. Mahaifiyarsa ta ce sangarta ce. Mahaifiyarta ta ce sammu ne. Maƙwabciya ta ce iska ce, don an ga ta fita da magariba. An yi hayaƙi, an sha rubutu, an yi ruƙya har sau uku.

Na ce masa: "Ka taɓa zama kai da ita ka tambaye ta me take ji a ranta?"

Ya yi shiru. Can ya ce: "Malam, ai jego harkar mata ce."

A kan wannan amsar tasa zan yi magana, domin na san ba shi kaɗai ke da wannan tunanin ba.

1. WANE IRIN CIWO NE?

Ni ba likita ba ne. Abin da zan faɗa a wannan ɓangaren shi ne abin da masana lafiya suka tabbatar, kuma Musulunci ya koya mana mu tambayi ma'abota kowane fanni a fanninsu. Sun kasa abin da ke samun zuciyar mai jego gida uku.

Na farko mai sauƙi ne. Kwana biyu ko uku bayan haihuwa sai mace ta riƙa saurin kuka, saurin fushi, yanzu dariya an jima hawaye. Wannan yana samun mafi yawan masu jego, kuma yana wucewa da kansa cikin mako biyu idan ta sami hutu da lallashi.

Na biyu shi ne ciwon damuwa na bayan haihuwa, wanda muke magana a kai. Alamarsa ita ce abin ya wuce mako biyu yana ƙara nauyi. Baƙin ciki kullum. Abin da take jin daɗinsa a da ya fita daga ranta. Ba ta iya barci ko da jariri ya yi barci, ko kuma ta yi ta kwanciya ba ta son tashi. Abinci ya fita kanta. Tana ganin kanta uwar banza, tana cewa yaran nan da wata suka samu da sun fi jin daɗi. Wata takan ji ba ta jin komai game da jaririn, sai wannan ya zame mata wani sabon abin kuka. Wata kuma tsoro ne ke cin ta, ta kwana tana taɓa ƙirjin yaro ko yana numfashi. Da yawa a wajenmu ba za su ce "ina baƙin ciki" ba, sai dai su ce ciwon kai, faɗuwar gaba, zafin jiki, kasala, abu na yawo a ka. Ciwon kan iya farawa tun da ciki, ko a kowane lokaci cikin shekarar farko bayan haihuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a duniya kusan 13 cikin 100 na matan da suka haihu suna gamuwa da larurar ƙwaƙwalwa, mafi yawa ciwon damuwa, kuma a ƙasashe masu tasowa adadin ya kusa 20 cikin 100. Wato kusan mace ɗaya cikin biyar. Ka ƙirga sunan da aka yi a unguwarku daga azumin bara zuwa na bana, sai ka gane abin yana cikin gidajenmu.

Na uku shi ne mai tsanani, kuma bai da yawa: mace ɗaya ko biyu cikin haihuwa 1,000. Yakan zo da sauri, galibi cikin mako biyun farko. Mace ta rikice, ta kwana biyu uku ba barci, tana surutai, tana jin muryoyi ko ganin abin da babu, ko ta ce jaririn ba nata ba ne. Wannan na gaggawa ne kamar zubar jini, asibiti ake nufa a ranar.

2. ME KE KAWO SHI?

Akwai na jiki. Lokacin goyon ciki wasu sinadarai suna hauhawa ƙwarai a jinin mace, da zarar mabiyiya ta faɗo sai su sauka cikin 'yan kwanaki, kuma wannan saukar tana taɓa ƙwaƙwalwa. Ga jinin da ta zubar, ga rashin barci dare da rana. Ƙarancin jini da matsalar wani ƙullutu da ke wuya, wanda yake kumbura ya zama maƙoƙo, su ma suna kawo kasala da damuwa, shi ya sa gwajin asibiti yake da amfani.

Akwai kuma na rayuwa. Haihuwa mai wuya, doguwar naƙuda, tiyata, rasuwar jariri, haihuwa kusa da kusa, talauci, rigimar gida, duka ko zagi, da wadda ta taɓa yin ciwon a baya. Wadda doguwar naƙuda ta bar ta da yoyon fitsari tana ɗauke da ciwo biyu, na jiki da na gudun mutane. Irin waɗannan ana yi musu aiki a asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitocin MSF take aiki tun 2008, amma zuciyar ma tana buƙatar ɗinki.

Mu mutanen ƙasar Haɗejiya muna da namu ƙarin. Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022 ya san yadda ruwa ya yi da gonaki da gidaje a Auyo, Kafin Hausa, Kiri Kasamma, Guri da kewaye. Mata nawa suka yi jego a ajin makarantar firamare ko a ɗakin aro, rumbu babu, katanga ta faɗi, hanyar asibiti sai da kwalekwale? Idan ruwa ya janye kuma sai noman rani ya kankama. Maigida ya fita fadama tun asuba, ba ya dawowa sai bayan magariba, wani ma a can yake kwana yana gadin injin ban ruwa. Masunci yana kan ruwa. Mai fataucin kifi ko tattasai ya bi mota zuwa Kudu sai bayan mako biyu. Neman halal ne, Allah ya yi albarka. Amma ita tana ɗaki ita kaɗai.

Sannan ku lura da yadda al'adarmu take. Makon farko gida cike: 'yan barka, kauri, suna, anko. Bayan suna sai a watse. Ranar arba'in mai yi mata wanka ta naɗe kayanta ta tafi. To a daidai wannan lokacin ne ciwon ya fi bayyana, lokacin da kowa ya ɗauka an gama.

3. RAUNIN IMANI NE?

Wannan ita ce maganar da ta fi yi wa matan nan illa: "Da kina da tawakkali da ba ki yi haka ba." "Allah ya ba ki ɗa, wasu na nema, ke kina butulci."

Ɗan uwa, buɗe Suratu Maryam daga aya ta 22 zuwa ta 26. Nana Maryam, wadda Allah ya zaɓa a kan matan talikai, naƙuda ta kai ta gindin dabino ita kaɗai. Nauyin abin ya kai ta ga burin da ma ta mutu kafin wannan rana an manta da ita. Malaman tafsiri, irin su Ibnu Kasir, sun bayyana cewa ta hango jarrabawar da ke gabanta da ƙazafin da mutane za su yi mata. Ba ina cewa tana da wannan ciwon ba ne, Allah ya tsare ni da faɗin abin da ban sani ba. Abin da nake so ka duba shi ne amsar da aka ba ta. Ba a tsawata mata ba. Ba a ce ina imaninki ba. An kira ta da lallashi a kan kada ta yi baƙin ciki. An nuna mata ruwa a kusa da ita. An ba ta ɗanyen dabino. An ce ta ci, ta sha, ta kwantar da hankali. Sannan aka ɗauke mata nauyin yi wa mutane bayani.

Lallashi, abinci, abin sha, da kariya daga bakin mutane. Haka Ubangiji ya yi da baiwarsa a ranar haihuwa. Kai wane ne da za ka zo wa taka da tsawa?

Duba mahaifiyar Annabi Musa (AS) a farkon Suratul Ƙasas, yadda zuciyarta ta kusa kasa ɗauka har sai da Allah ya ƙarfafe ta. Duba Annabi Ya'aƙub (AS) a Suratu Yusuf, baƙin ciki ya kai har idanunsa suka yi fari, kuma Annabi ne ɗan Annabi. A Suratu Luƙman aya ta 14 Allah da kansa ya siffanta ɗaukar ciki da rauni a kan wani raunin. Kuma ya tabbata a Bukhari da Muslim, daga Abu Sa'id da Abu Huraira (RA), cewa damuwa da baƙin ciki suna cikin abubuwan da ake kankare wa mumini zunubi da su, an jero su tare da gajiya da rashin lafiya. Abin da ake kankare zunubi da shi ba zai zama shi ne zunubin ba.

Malaman Musulunci sun san wannan tun da daɗewa. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu shekara ta 322 bayan Hijira, a littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus ya rarrabe baƙin cikin da aka san dalilinsa, kamar rashi ko asara, da wanda yake faɗo wa mutum ba tare da wani sanannen dalili ba. Na biyun ya danganta shi da jiki, ya ce yana buƙatar magani. Sama da shekara dubu ke nan. Don haka masu cewa wannan ciwon Turawa ne, ko na matan boko, su sake bincike.

To ruƙya fa? Ruƙya ta shari'a gaskiya ce, Alƙur'ani waraka ne, kuma ba mu musun sihiri ko kambun baka. Amma wanda ya koya mana ruƙya shi ne ya umarce mu da neman magani, kamar yadda ya zo a hadisin Usama bn Sharik a wajen Abu Dawud da Tirmizi. Idan matarka ta karye a ƙafa, za ka tofa mata addu'a kuma ka kai ta wajen ɗori. Haka wannan. Abin da ba shi da asali shi ne a tsare mace da bulala wai ana dukan aljani, a turnuƙe ta da hayaƙi ita da jariri a ɗaki rufe, ko a ɗora wa kishiya ko uwar miji laifin sammu ba hujja. Zato ne, kuma ya raba zumunci da yawa a garin nan.

4. AIKINKA, MAIGIDA

Na ɗaya: zauna ka saurara. Labarin zuciya a tambayi fuska, amma fuskar ma sai an kalle ta. Ajiye waya. Ka ce: "Maman wane, na ga kwanan nan ba kya jin daɗi. Gaya min abin da kike ji, ba zan yi faɗa ba." Idan ta fara magana kada ka katse ta da wa'azi. Kada ka ce me kika rasa. Idan ta ce ba ta san dalili ba, gaskiya ta faɗa, haka ciwon yake. Abin da take buƙatar ji daga bakinka kaɗan ne: ba laifinki ba ne, ciwo ne, yana da magani, ina tare da ke. Ka maimaita gobe, domin ciwon yana goge irin wannan maganar daga zuciya.

Na biyu: cikinta. Suratul Baƙara aya ta 233 ta ɗora ci da tufatar mai shayarwa a wuyan uban ɗa, kuma ta hana a cutar da uwa saboda ɗanta. Allah ya hore mana kifi, wake, zogale, ƙwai, nono, gyaɗa. Kada ka kai kifin duka kasuwa ka bar mai jego da gaya. Nana A'isha (RA) takan sa a dama talbina, wani kunu na garin sha'ir, ga mara lafiya da wanda aka yi wa rasuwa, kuma ta ruwaito daga Annabi (SAW) cewa yana sanyaya zuciya ya rage baƙin ciki. Hadisin yana Bukhari da Muslim. Ka ga ashe kula da cikin mai baƙin ciki sunna ce. Sai dai a yi hattara da yawan kanwa da tsananin zafin ruwan wanka. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da alaƙarsu da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Idan ka ga kumburin ƙafa da haki, a tafi asibiti.

Na uku: barcinta. Rashin barci shi ne itacen da ke rura wannan wutar. Ka karɓi yaron bayan ya sha nono, ka saɓa shi a kafaɗa, ta samu awa huɗu ko biyar a jere. In ba za ka iya kullum ba, ka nemo ƙanwarka ko tata ta zo ta zauna, ko da an yi arba'in. Wani zai ce namiji da goyo? An tambayi Nana A'isha me Annabi (SAW) yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa har lokacin salla ya yi. Bukhari ya ruwaito. Ya ɗauki jikarsa Umama yana salla. Yakan taƙaita salla idan ya ji kukan yaro don tausayin uwar, kamar yadda Anas (RA) ya ruwaito. Wanda ya fi ka mazantaka ke nan. Ko kunyar ɗan fari ba ta kai ta hana ka taimakon matarka a cikin ɗakinku ba.

Na huɗu: tsaya tsakaninta da bakin mutane. Masu cewa ta cika son jiki, masu gorin ta sake haifar mace, masu cewa mu da muka haifi goma ba mu yi haka ba. Gorin haihuwar mace ɗabi'ar Jahiliyya ce da Suratun Nahli ta yi tir da ita a aya ta 58 da 59. Idan daga mahaifiyarka maganar take fitowa, ka same ta ita kaɗai cikin ladabi: "Inna, likita ya ce ciwo ne kamar hawan jini. Addu'arki muke nema, ki taya ni lallashinta." Ba ka saɓa mata ba, kuma ba ka bar amanar da ke hannunka ba. Sirrin matarka kuma kada ya je majalisa ko teburin mai shayi.

Na biyar: ka kai ta asibiti, kai da kanka. Fara da asibitin da ta yi awo, ko Babban Asibitin Haɗejiya. Ranakun rigakafin jariri na mako 6 da 10 da 14 dama ce, a duba yaro a duba uwa. Ka faɗa wa ma'aikacin lafiya abin da kake gani dalla-dalla, domin ita kunya za ta sa ta ce ciwon kai ne kawai. Akwai wasu tambayoyi 10 da aka tsara a Edinbura ta ƙasar Birtaniya a 1987, ana amfani da su a ƙasashe da yawa don gano wannan ciwon. Idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku gaba. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Kazaure, akwai na Dawanau a Kano, akwai sashen masu wannan larura a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Zuwa can ba ya nufin matarka ta haukace. Wata zama da mai ba da shawara kawai zai ishe ta, wata sai an haɗa da ƙwaya. Akwai magungunan da likitoci suke bai wa mai shayarwa. Sukan ɗauki makonni kafin a ga aikinsu, kuma ba a yanke su kai tsaye don an ji sauƙi. Kada ka je kemis ka sayo mata maganin barci da ka. Ta wannan ƙofar mata da yawa suka faɗa shaye-shaye.

Za ka ce aikin gona fa? Sayyidina Usman bn Affan (RA) bai halarci yaƙin Badar ba a shekara ta 2 bayan Hijira, saboda Annabi (SAW) ya bar shi jinyar matarsa Nana Ruƙayya, kuma ya tabbatar masa da ladan wanda ya halarta da rabonsa. Bukhari ya kawo shi daga Ibnu Umar. Badar fa! To wane ban ruwa ne ya fi Badar? Ka ba ƙaninka ko ɗan ƙodago na kwana biyu.

Na shida: taimake ta a ibada. Mai jinin biƙi ba ta salla ba ta azumi. Mafi tsawonsa a wajen Malikiyya da Shafi'iyya kwana 60 ne, a wajen Hanafiyya da Hanbaliyya kwana 40, kuma duk ranar da ya ɗauke kafin haka sai ta yi wanka ta ci gaba da salla. Ka yi tunani: macen da ta saba kai kukanta a sujada sau biyar, ga shi makonni ba ta yi. Wata sai ta ji kamar an yi nesa da ita. Ka tuna mata cewa barin sallar ma biyayya ce, kuma ƙofar zikiri da addu'a da salati a buɗe take. Malikiyya ma sun halatta mata karanta Alƙur'ani da ka yayin da jinin ke zuba. Ku yi azkar na safe da yamma tare. Ka karanta Falaƙi da Nasi ka tofa mata da hannunka.

Na bakwai: riƙe harshenka da buƙatarka. Ciwon yana kashe sha'awa, ba ƙinka take yi ba. Kada ka jefe ta da hadisin tsinuwar mala'iku, domin malamai sun bayyana cewa yana kan wadda ta ƙi ba tare da uzuri ba, rashin lafiya kuwa uzuri ne. Barazanar "zan ƙaro aure" a wannan halin zalunci ne. Shi kuwa saki a cikin jinin biƙi haramun ne kamar saki a cikin haila, kuma a mazhabar Malikiyya ana tilasta wa mai yin sa ya mayar da ita. Ko bayan ta yi tsarki, ka tambayi kanka: da kai ne ka kwanta, za ka so ta nemi takardarta?

5. ALAMOMIN DA BA A JIRA

Idan ka ji tana cewa gara ta mutu, ko kun huta in ba ta, ko tana yi wa mutane bankwana, ko tana maganar cutar da jaririn, ko ta rikice kamar yadda na siffanta a sama, to kada ka ce faɗa kawai take yi. Ka tambaye ta kai tsaye cikin taushi ko tana tunanin cutar da kanta. Tambayar ba ta sa mutum ya aikata, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. Kada a bar ta ita kaɗai, kada a bar ta da jariri ba wani babba. Gidajenmu na manoma cike suke da maganin feshi, fiya-fiya da maganin ɓera. A kwashe su a kulle a wani wuri. A rufe rijiya, kada ta je bakin kogi ita kaɗai. A nemi mota a tafi asibiti a ranar, ko da dare ne. Ba a ɗaure ta, ba a dukanta. Wadda hankalinta ya gushe an ɗauke mata alƙalami, mu da muke da hankali mu za a tambaya.

6. GARE KI 'YAR UWA

Idan ke ce kike karanta wannan da jariri a cinya, ki sani ba ki zama muguwar uwa ba. Miyagun tunanin da ke faɗo miki, waɗanda kike ƙi kike tsoro, Allah ba ya kama ki da su. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa an yafe wa al'ummar nan abin da zuciya ta raya matuƙar ba a aikata ba. A Sahihu Muslim wasu sahabbai sun kai kukan irin tunanin da suke jin nauyin furtawa, Annabi (SAW) ya nuna musu cewa wannan ƙin da suke yi masa shi ne tsantsar imani. Faɗa wa likita ko wanda kika amince da shi don neman magani ba laifi ba ne. Idan nono ya gagara, aya ta 233 ɗin nan ta buɗe ƙofar a nemi mai shayarwa bisa shawara tsakaninku. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Ki faɗa.

Iyayenmu mata, ungozomomi da masu wankan jego, ku ne kuke ganin abin da maigida ba ya gani. Idan kun lura, ku kira shi gefe ku gaya masa. Abokiyar zama, ranar da kika karɓi girkinta ko kika goya mata yaro, Allah yana gani, kuma ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. 'Yan uwana limamai da masu ruƙya, mu ake fara kawo wa irin waɗannan matan. Mu yi addu'a, sannan mu ce a wuce asibiti. Riƙe mara lafiya wata uku ana karɓar kuɗin turare amana ce da za a tambaye mu.

Kai ma maigida, na san kana gajiya. Wani lokacin za ka yi duk abin da na lissafa ta kalle ka kamar ba ka yi komai ba. Ciwon ne. Ka samu amini ɗaya mai riƙe sirri ka riƙa sauke nauyin zuciyarka, kuma in ka ji kai ma abin yana neman danne ka, ka faɗa wa likitan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Shi wancan bawan Allah ya koma ya yi tambayar da bai taɓa yi ba. Ya ce ta fi rabin awa tana kuka kafin ta iya magana, kuma abin da ta fara cewa shi ne ta ɗauka ya tsane ta. Ya kai ta asibiti, aka samu jininta ya yi ƙasa, aka ɗora ta a kan magani, ƙanwarsa ta dawo gidan. Da muka haɗu bayan wata biyu na tambaye shi jiki, ya ce da sauƙi amma da saura, wata ranar lafiya wata ranar sai a hankali. Ya ce ranar Juma'ar da ta wuce ya shigo ya tarar tana yi wa yaron wasa. Na ce ya ci gaba da maganin, kada ya gaji.

Yau da daddare, in akwai mai jego a gidanka, ka yi mata wannan tambayar.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka haifa a kan Musulunci. Allah ya kare garuruwanmu daga ambaliya, ya sa albarka a nomanmu da sunmu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, Allah ya yafe mini.

A tura wa magidanta da angwaye, wataƙila ya zama sanadin ceton wani gida.

Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.